Yadda Ake Ɗinka Filafilai da Ɗaura Igiyoyin Ƙaramin Jirgin Ruwa na Katako

Duk wanda ya ga ƙaramin jirgin da ke kan kantata, da wuya ya tambaye ni yadda na sassaƙa gangar jikinsa. Abin da ake cewa shi ne, "Malam, ƙyallayen nan fa? Wannan zare kamar saƙar gizo, ta ina ake kamo bakinsa?" Na amsa wa mutum ɗaya, na amsa wa biyu, har na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki.

Zan yi misali da Bluenose, jirgin kamun kifi da tsere mai jigo biyu da aka ƙera a garin Lunenburg na ƙasar Kanada a 1921, wanda hotonsa ke jikin kwabon santi 10 na ƙasar. Shi na zaɓa domin filafilansa takwas ne kacal, kuma duk a jere suke daga goshi zuwa baya, sai aikin ya fi na manyan jiragen yaƙin Turawa sauƙi nesa ba kusa ba. Ma'aunin da zan bi 1:64 ne, wato santimita 1 a samfuri yana wakiltar santimita 64 a jirgin gaske. Idan naka ma'aunin daban ne, ka sauya lambar kawai, lissafin ɗaya ne.

Ga sunayen da zan riƙa amfani da su. Filafili shi ne ƙyallen da iska ke bugawa. Jigo shi ne dogon icen da ke tsaye a tsakiyar jirgi. Babban filafili yana tsakanin sandar sama da sandar ƙasa, sai sandar goshi da ta yi tsini a gaba. Igiyoyi kashi biyu ne: na tsaye, masu riƙe jigo kada ya faɗi, da na ja, masu ɗaga filafili da juya shi.

1. Tara kayan aiki

Yawancinsu suna shagon tela: ƙaramin almakashi mai tsini, sabuwar reza, allurai sirara, dutsen guga. Sai matsefata guda biyu, rula ta ƙarfe mai milimita, fensir mai tauri (2H ko 3H), kwali, salatif na takarda, guntun kakin zuma, farin gam na kafintoci, da siririyar wayar tagulla da za ka zaro daga tsohuwar wayar wuta.

Akwai abu ɗaya da ba a sayarwa, kai za ka yi abinka. Ka samu babbar allura, ka goge rabin kafarta da samfefa ko dutsen wasa wuƙa har ta zama kamar ƙaramar gwafa, ka soke tsininta cikin guntun ice ya zama mariƙi. Da ita ake tura zare inda yatsa ba ya shiga.

Batun kuɗi: rabin yadi ya ishi duk filafilan har da na gwaji, zare kuma ƙwarya uku ko huɗu. Inda aljihu ke jin jiki shi ne ƙananan fuli na katako (da igiyoyin ja ke bi ta cikinsu) da maɓallai masu ido uku (da ake ɗaure igiyoyin gefen jigo da su), idan sai an yi odarsu daga waje, don kuɗin aikowa kan fi kuɗin kayan. Wanda ya sayi haɗaɗɗen kwali mai ɗauke da kayan haɗa jirgin, irin na kamfanin Model Shipways mai ma'aunin 1:64, zai same su a ciki. Wanda bai saya ba yana iya yanka su daga sandar ice mai tauri, amma ya shirya wa ɓata kwanaki.

2. Zaɓen zare da auna shi

Nan ne mutane suka fi kuskure, kuma kuskuren ɗaya ne: kauri. Igiyar da kaurinta ya kai milimita 32 a jirgin gaske, idan ka raba da 64, rabin milimita ce kawai. A wannan ma'auni ka nemi kusan 0.6 don igiyoyin tsaye, 0.3 don na ja, da zaren keken ɗinki mafi siranta don tsani (matakan hawa jigo) da naɗi.

Yadda za ka auna: ka naɗa zaren sau 20 a jikin fensir, kowane zagaye na manne da ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba, ka auna faɗin naɗin da rula, ka raba da 20. Idan naɗin ya ba ka milimita 6, zarenka 0.3 ne.

Gargaɗi: tsofaffin littattafan Turawa da kewayen igiya suke ba da girmanta. Idan ka ga an ce igiya mai inci 3, sai ka fara rabawa da 3.14 kafin ka raba da 64. Wanda ya tsallake wannan zai ɗaura wa jirginsa igiyar ɗaure bijimi.

Ni dabarata, na yanka ɗan mutum na kwali mai tsawon santimita 2.7, tsayin namiji matsakaici ke nan a wannan ma'auni. Duk zaren da nake shakka, sai in tsayar da ɗan mutumin kusa da shi in duba ko hannunsa zai iya riƙewa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan kana tsakanin zare biyu, ɗauki siririn.

Launi: igiyoyin tsaye ana shafe su da kwalta, don haka baƙi ko ƙasa-ƙasa mai duhu sosai. Na ja kuwa kalar igiyar rama. Fari tas ba ya cikin lissafi. Kafin ka yi amfani da kowane zare, ka rataya shi da ɗan nauyi a ƙasa ya kwana ya gama miƙewa, sannan ka ja shi sau biyu a kan kakin zuma, ka murza da yatsu gashinsa ya kwanta. Kada kakin ya yi yawa, ƙura yake kamawa.

3. Yanka gwaji da takarda

Kada ka amince da zanen da ya zo da jirgin har sai ka gwada shi. Jigon da ka sassaƙa da hannunka ba zai rasa bambancin milimita biyu ko uku da na takarda ba. Ka kwafi kowane filafili a farar takarda, ka yanke, ka maƙala shi a mazauninsa da salatif. Ka tabbata ya bar ɗan fili tsakaninsa da jigo, kuma kusurwarsa ba ta wuce bakin sanda ba. Wanda ya yi daidai ka manna shi a kwali, ka rubuta sunansa, ka sa alamar gaba da baya.

4. Yadi

Shadda ta yi nauyi da sheƙi. Akoko da alawayyo zarensu ya yi kauri. Harsa kuwa saƙarta a buɗe take kamar raga. Abin nema shi ne farin yadin auduga zalla, shara-shara amma mai matsattsiyar saƙa, irin boyel marar ado. Wanda ke Kano ya zagaya Kantin Kwari ya riƙa ɗaga yadi yana duba shi a hasken rana. Mafi kyawun da na taɓa amfani da shi ma tsohuwar farar riga ce da ta sha wanki har ta yi laushi.

Ka wanke yadin da ruwan zafi sitacinsa ya fita, ya kuma gama tsukewar da zai yi. Idan ka yanka kafin wanki, ranar da ruwa ya taɓa shi zai ja da baya, aikin takardarka ya tashi a banza.

Sai rini. Da yawa suna tsoma shi cikin ruwan shayi marar madara na minti kaɗan, kuma yana ba da launi mai kyau. Sai dai shayi yana da tsami da ke cin zaren auduga a hankali bayan shekaru. Ni na fi son ɗigon fentin akrilik mai ruwan ƙasa a cikin kwanon ruwa, ruwan ya yi kamar an wanke kofin shayi a ciki. Ka gwada a guntu tukuna, ka bari ya bushe. Kalar madara ake so, ba ta buhun goro ba. Ka goge shi da ɗan danshinsa.

5. Layuka, kalmasa da igiyar baki

Wannan shi ne matakin da ke cin lokaci, kuma shi ne ido ke fara sauka a kansa.

Filafilin gaske ba yadi ɗaya ba ne. Dogayen ƙyallaye ne masu faɗin kusan inci 24 ake haɗawa gefe da gefe, kamar yadda ake haɗa fatalolin saƙi a yi zane. A ma'auninmu kowace fatala milimita 9 ce da ɗan ɗori. Ka shimfiɗa yadin a kan allo, ka danne gefunansa da salatif ba tare da ka ja shi ba, ka ɗora kwalin, ka zana iyakarsa, sannan ka ƙara milimita 4 a kowane gefe don kalmasa. Ka juya kwalin yadda bakin baya na filafilin zai bi tsawon zaren yadin. Idan ya faɗa a karkace, wannan bakin zai yi ta miƙewa yana lanƙwashewa.

Yanzu ka ja layukan haɗi da fensir, milimita 9 tsakani, suna bin bakin baya, sai dai in zanenka ya nuna wata hanya. Ka ja su a fuska biyu, kana ɗora yadin a gilashin taga don layin baya ya hau kan na gaba daidai.

A nan ake jayayya: a bar layin fensir ko a bi shi da keke? Ra'ayina, a bar fensir. Ɗinkin keke mafi ƙanƙanta ya kai milimita 1, wanda a jirgin gaske ya zarce santimita 6 a taku ɗaya, kuma babu maɗinkin da zai yi irin wannan aika-aika. Amma idan kana son ɗinkin, to ka yi shi tun kafin ka yanke yadin, da zare kalar yadin, ka sa takarda a ƙasa don kada keken ya tattare shi. Idan tela za ka kai wa, ka zauna kusa da shi. Na taɓa barin nawa a wani shago na tafi masallaci, na dawo na tarar an bi shi da farin zaren kaftani, an kuma yi mini kalmasa mai faɗin ɗan yatsa don kyautatawa.

Kafin yanka, ka shafa farin gam da aka tsinka da ruwa a kan layin da reza za ta bi, ya bushe, don kada bakin ya zare. Ka yanka da reza da rular ƙarfe. Ka ninka kalmasa milimita 2, ka sake ninkawa, ka shafa gam kaɗan da tsinken sakace, ka danne da dutsen guga marar zafi sosai. A kusurwoyi ka rage yadin don kada ya taru ya yi ƙulu. Idan kana son filafilin ya riƙe siffarsa, ka kwantar da siririyar wayar tagulla cikin kalmasar bakin baya da ta ƙasa kafin ka rufe.

Igiyar baki ita ce wadda ke bin gefen filafili don ƙarfafa shi. A al'adar maɗinkan jiragen, a irin waɗannan filafilai ana ɗinka ta a fuskar hagu, wato hagun mai tsaye a jirgi yana kallon goshi. Ka manna zaren 0.3 da gam a wannan fuskar, kaɗan-kaɗan, santimita 3 a lokaci guda. A kowace kusurwa ka bar ɗan zobe da allura za ta iya shiga, nan igiyoyin ja za su kama.

Manyan filafilan biyu suna da layukan gajerun igiyoyi da ake ɗaure su da su idan iska ta yi ƙarfi. Ka manna siririn ƙyalle a inda zane ya nuna, ka soka zare da allura a tsakiyar kowace fatala, ka ƙulla a jikin yadin, ka bar kusan santimita 1 a kowace fuska. Za su miƙe kamar gashin bushiya. Ka taɓa kowanne da ruwan gam ka kwantar da shi yana kallon ƙasa.

6. Kumburin iska

Ka jiƙa filafilin da ruwan gam mai tsinki sosai, ka ɗaure kusurwoyinsa a jikin buɗaɗɗen kwali, ka ɗora ledar da aka zuba wa yashi kaɗan a tsakiyarsa, ya kwana. Duka su kumbura ta fuska ɗaya. Iska ba ta busowa daga dama da hagu lokaci guda. Wanda kuma yake son nuna su a naɗe, ya rage tsawon yadin zuwa rabi ko ƙasa da haka, in ba haka ba naɗin zai fito kamar katifa.

7. Gama jigo a kan tebur

Duk abin da za a iya ɗaurawa kafin jigo ya hau jirgi, a ɗaura shi yanzu: fuli-fulin sama, ƙugiyoyi, da igiyoyin ja da aka riga aka zura. Kowace igiya ka bar mata tsawon da ya wuce buƙata, ka naɗe ta, ka maƙala mata guntun salatif mai ɗauke da sunanta. Filafilan ma ka ɗinke su a sandar sama da ta ƙasa tun a tebur.

Gargaɗi babba: zobban da ke riƙe filafili a jikin jigo, ta sama ake zura su, kafin a manna katakan kan jigon. A jirgina na farko na manta, na gama komai na zo rataya filafili, babu zobe ko ɗaya. Sai da na tsaga kowane zobe na sake manne shi a jikin jigo da matsefata, kwana uku ina abu ɗaya. Tun ran gini ran zane. Ka ƙirga su a zane, ka ƙara biyu saboda karyewa. Ana yin su da takarda mai ruwan ƙasa: a shafa mata gam, a naɗe a jikin sandar da ta ɗan fi jigon kauri, in ta bushe a yanka siri-siri.

8. Igiyoyin gefe da maɓallai

Ka tsayar da jigon a raminsa. Ni ba na sa masa gam, igiyoyi ne za su riƙe shi kamar na gaske, kuma in ya karkace ana iya gyarawa.

Igiyoyin gefe bibbiyu ake sa su. Zare ɗaya ne ake ninkawa, a zagaya kan jigo, a naɗe wuyansa da siririn zare, ƙafafunsa biyu su sauko gefe ɗaya. Ka fara da na gaba a dama, sai na gaba a hagu, sai na biyu a dama, haka har su ƙare.

Kowace igiya tana ƙarewa da maɓalli mai ido uku, wani kuma yana kafe a gefen jirgi. Na sama, idonsa tilo yana kallon sama. Na ƙasa, yana kallon ƙasa. Don tazararsu ta zama ɗaya, ka lanƙwasa guntuwar waya mai tauri kamar ƙusar sitafula, ƙafa ɗaya a idon na sama, ɗaya a na ƙasa, ka zagayo da igiyar ka naɗe ta, sannan ka zare wayar ka kai ta na gaba. Waya ɗaya ce za ta auna duka. In ba haka ba layin maɓallan zai fito kamar haƙoran tsoho.

Zaren da ke haɗa su yana farawa da ƙulli a bayan maɓallin sama, ya fito waje, ya sauka ya shiga na ƙasa daga waje zuwa ciki, ya hau ya sake shiga na sama daga ciki, har ya bi idanu shida. Don zurawa ta yi sauƙi, ka taɓa bakin zaren da sufa gulu, in ya ƙame ka yanke shi a karkace ya zama allurar kansa. Wannan ne kaɗai aikin sufa gulu a nan. Idan ka ɗiga shi a ƙulli, zaren zai yi sheƙi, ya bushe kamar ƙaya, wata rana ya karye. Ƙulli sai ruwan farin gam.

Kada ka ƙulle ko ɗaya tukuna. Ka bar bakunansu suna reto.

9. Igiyoyin gaba

Bayan na gefe suke hawa, madaukinsu yana zama a kan nasu. Ka fara da igiyoyin da ke danne sandar goshi ta ƙasa, domin su ne ke hana ta ɗagawa idan aka ja ta daga sama. Sai na jigon gaba, sai waɗanda ke tsakanin jigo biyu, daga ƙasa zuwa sama.

Yanzu ka tsuguna, ka kalli jirgin daga goshi da ido ɗaya. Jigon gaba ya kamata ya rufe na baya. Ka riƙa jan zaren maɓallai, dama kaɗan, hagu kaɗan, har su miƙe. Ja ya tsaya daidai inda igiya ta daina lanƙwasa, ba tsirkiyar garaya kake ɗaurawa ba. Siririn icen saman jigo ba ya jure ja, zai sunkuya gaba.

Yanayi ma yana da hannu a nan. Zaren auduga yana tsukewa da danshi, yana saki da bushewa. Wanda ya ɗaure tamau a tsakiyar hunturu, damina na zuwa zai ga jigonsa ya lanƙwashe. Wanda ya ɗaure a watan Agusta kuma zai ga sun ɗan saki a Janairu, wannan ba komai ba ne. Zaren roba bai damu da yanayi ba, sai dai yana da santsi, ƙullinsa na son gam sau biyu. Ka bar jirgin kwana biyu, ka sake dubawa, sannan ka ƙulle.

10. Tsani

Matakan da matuƙa ke takawa su hau jigo suna da tazarar kusan inci 15, wato milimita 6 a wurinmu. Ka ja layuka a farin kwali da wannan tazara, ka sa shi a bayan igiyoyin gefe, layukan suna kwance daidai da ruwa. Ka zana matsayin kowace igiya a kwalin, don ka gane da zarar ta fara gocewa.

Ƙullin zobe biyu ake yi a kowace igiya: ka zagaya sau ɗaya, ka tsallaka kan zagayen, ka sake zagayawa, ka fito ta ƙarƙashin tsallaken. Kada ka bi su a jere daga ƙasa. Ka ɗaura na biyar, na goma, na goma sha biyar, sannan ka dawo ka cike tsakani. Mai bi a jere, kowane mataki yana jan igiyoyin ciki kaɗan, kafin ya ankara tsakiyar ta tsuke kamar ƙugun zanzaro. Ƙulli ne ɗaruruwa, ni hawa goma nake yi a zama ɗaya in tashi. Ka sa gam, ya bushe sarai, sannan ka yanke bakuna da sabuwar reza, kana kaffa-kaffa da igiyar da ke kusa.

11. Rataya filafilai

Ka wanke hannu. Daga tsakiya ake farawa a fito waje, daga ƙasa a hau sama: filafilin jigon gaba, sai babban na baya, sai ƙananan na samansu, sai uku na goshi, na tsakanin jigo biyu a ƙarshe. Ka ɗinke bakin gaba na manyan biyun a zobban nan, ɗinki ɗaya kowane zobe. Na goshi kuwa da ƙananan zobban waya ake maƙala su a igiyoyin gaba.

Kowace igiyar ja tana da turkenta a jikin jirgi, kuma zane ya nuna shi. Ka fara da turakun gindin jigo kafin na gefe, don idan ka cika gefe da zare hannu ba zai ƙara shiga ciki ba. Da gwafar allurarka za ka zagaya zaren a ƙasan turke, ka hau sama, ka gitta kamar lamba 8 sau biyu. Kafin ka sa gam, ka bi igiyar da ido daga sama har ƙasa, ka tabbata ba ta sarƙe wata ba kuma ba ta danne filafili ba.

12. Naɗin igiya da rufewa

Ragowar igiyar da ake ratayewa a turke, daban ake yin ta. Ka kafa ƙusoshi biyu a gefen katako, santimita 1 tsakani, ka naɗa zare sau biyar ko shida, ka jiƙa da ruwan gam, in ya bushe ka zare, ka rataya a turken ya rufe inda ka yanke. Kada su fito duk girma ɗaya, matuƙa ba da rula suke naɗi ba.

Sai akwatin gilashi, kuma ka auna shi tun kafin ka gama, da rarar santimita 5 ta kowane gefe har da saman jigo da bakin sandar goshi. A ƙurar hunturu, mako biyu sun isa su mayar da farin filafili ja, kuma ba ya wankuwa bayan an ɗaura shi. Ka ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa. In ƙura ta riga ta hau kafin akwatin ya iso, ka kaɗe ta da burushin fenti mai laushi, daga saman jigo zuwa ƙasa.